An bar jaki ana dukan taiki: Me ke kashe kwamfutoci a Rano da Kibiya?

A yau zan ɗan kauce wa batutuwan siyasa da na kasafin kuɗi da aka saba gani a wannan shafi, in ɗauko wata tambaya wadda da jin ta mutum zai ce ai wannan ta teburin masu gyaran kwamfuta ce, ba ta da gurbi a shafin ra'ayi. Tambayar kuwa ita ce: shin allon kwamfuta mai matsala, wato monita, ko kuma wayar da ke haɗa shi da kwamfutar, za su iya lalata katin hoto? Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni, domin a ƙarƙashin wannan 'yar tambaya akwai jarin matasanmu, akwai dukiyar gwamnati, akwai kuma jarrabawar 'ya'yanmu na karkara.

Wanda ya jefo mini tambayar ɗan ƙanwata ne. Bayan ya kammala difloma ya sha yawon neman aiki a birni har takalminsa ya suɗe, sai ya koma gida Rano ya buɗe ɗan shago, inda yake tsara katin biki da kalandar aure da fostar 'yan siyasa, yana tace bidiyon bukukuwa, yana kuma cike wa ɗalibai fom a intanet. Jarin shagon ba daga banki ya fito ba. Mahaifiyarsa ce ta kwashi adashi, ta haɗa da kuɗin tumakinta biyu. Mafi tsadar abin da ke cikin kwamfutar tasa shi ne katin hoto, wanda masu gyara ke kira girafik kad. Ga wanda bai sani ba, wannan kati wani faranti ne da ake sokawa a cikin kwamfuta, shi ke sarrafa duk hoton da ido ke gani a allo, kuma a jikinsa ake haɗa wayar da ke tafiya zuwa monita. Mai aikin zane da bidiyo in ba shi da kati mai ƙarfi, tamkar tela ne ba keke.

Tsakanin farkon damina da kaka katin nan ya mutu, aka sayo wani na hannu, shi ma ya bi sahu. Mai gyara na farko a birni ya ce katin ne jabu. Na biyu ya ce monitar ce ke cinye su. Wani abokinsa ya ce wayar ce, har wata dattijuwa a gida ta ce a nemi tsari daga baki da ido. Sai ya bugo mini waya cikin damuwa, ya ce: "Kawu, in na sayi na uku ya sake mutuwa, wallahi rufe shagon zan yi. Don Allah ka tambayar mini masana, wai da gaske monita na iya kashe kati?" Ban tsaya tambaya daga nesa ba. Na ɗauki wani aminina da ya daɗe yana koyar da aikin lantarki, muka bi ta Bunkure muka isa Rano.

Kafin in faɗi abin da muka tarar, bari in fara da amsar tambayar. A mafi yawan lokuta, wayar allo mai matsala ba ta lalata kati, domin wutar da ke bin ta 'yar ƙanƙanuwa ce. Alal misali, a wayar VGA, mai shuɗin kai da haƙora 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987 kuma har yau ita ta cika ofisoshinmu, saƙon launi bolt 0.7 ne kacal. Idan wayar ta tsinke daga ciki ko haƙori ya karye, hoto ne zai riƙa rawa, ko launi ya rine ya koma shuɗi ko ruwan hoda, ko allon ya yi baƙi ƙirin. Da an canza waya sai komai ya dawo daidai. Hasali ma, da yawa daga cikin katunan da ake yanke wa hukuncin mutuwa da ransu ake binne su, saboda ba a gwada su da wata waya, da wata monita, da wata kafar ba kafin a yanke hukunci.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba, domin akwai hanyoyi uku da ɓarna kan bi ta waya ko ta monita ta isa ga kati. Ta farko ita ce haɗuwar haƙoran da bai kamata su haɗu ba. Wayar HDMI haƙora 19 gare ta, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da wuta bolt 5 da ke fitowa daga katin. In aka tura wayar da ƙarfin tsiya haƙori ya lanƙwashe, ko roba ta tsage zaruruwan ciki suka taɓa juna, sai wannan wuta ta bi inda ba nata ba. Kati mai inganci yana da ɗan fis da ke katse ta, amma ba kowane kati ke tsira ba. Akwai kuma wayar da tun daga masana'anta aka haɗa ta ba bisa ƙa'ida ba. A 2013 ƙungiyar VESA, wadda ke tsara ƙa'idar wayar DisplayPort, ta yi gargaɗin cewa ta gano masana'antu da dama marasa shaidarta suna sada haƙori na 20 daga wannan kai zuwa wancan. Wannan haƙori wuta bolt 3.3 yake ɗauka, kuma kati da monita kowanne na fitar da tasa, shi ya sa ƙa'ida ta hana a sada su. In aka sada, wutar monita kan riƙa komawa cikin kati ko da kwamfutar a kashe take, lamarin da kan hana ta tashi, wani lokacin ma ya yi mata illa.

Kada kuma a ɗauka wannan ciwon talaka ne kawai. A ƙarshen 2022 waɗanda suka sayi katin RTX 4090 na kamfanin Nvidia, wanda aka fitar a kan dala 1,599, sun yi ta kokawa cewa bakin wayar da ke ba katin wuta yana narkewa. Kamfanin ya ce rahoto kimanin 50 ya samu a faɗin duniya, kuma bincikensa ya nuna rashin tura wayar ta zauna daram shi ne musabbabi. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Hanya ta biyu ta fi ta farko haɗari. Kowace monita tana da sashe, a cikinta ko a jikin wayarta, da ke karɓar wutar soket, bolt 230, ya rage ta zuwa abin da allon ke buƙata. Idan wannan sashe ya tsufa, ko zafi da ƙura da laima suka ci shi, wutar soket na iya zurarewa ta hau ƙarfen jikin monitar. A ginin da aka yi wa wayarin bisa ƙa'ida, wannan wuta za ta bi waya ta uku, wadda masu sana'ar ke kira atin, ta gangara cikin ƙasa, nan take fis ya ƙone ko bireka ta faɗi, a tsira da kaya da rai. Amma inda babu atin, dole wutar ta nemi wata hanya, hanya mafi kusa kuwa ita ce wayar hoto, wadda ɗaya kan nata ke jikin kati.

Hanya ta uku kuma ko monitar lafiyayya ce tana iya aukuwa. An ƙera sashen wutar kwamfuta da na monita da wasu 'yan kafasito masu tace wuta, waɗanda ke zubar da ɗan abin da ba a rasa ba zuwa atin. In babu atin, sai wannan wuta ta taru a ƙarfen jikin na'urar, awo ya nuna har kusan rabin wutar soket, wato bolt 115. Ba ta cika yi wa mutum lahani ba. Ita ce ɗan jan nan da kake ji in ka taɓa bayan kwamfuta ba takalmi a ƙafarka. Amma ga 'yan ƙwayoyin da ke bakin kati, waɗanda aka yi domin bolt 5 ko ƙasa da haka, wannan ambaliya ce. Ranar da aka soka waya alhali na'urorin biyu a kunne suke, musamman in kowacce daga mashaya daban take samun wuta, sai ka ga ɗan tartsatsi, shi ke nan bakin kati ya tafi. Mai karatu zai lura cewa hanya ta biyu da ta uku uwarsu ɗaya, wato rashin atin.

To, abin da muka tarar a shagon ke nan. Aminin nawa bai ko kalli katin ba. Ya ɗora testa a bayan kwamfutar, sai ta kama ja. Ya kwance soket ɗin bango, sai ga waya biyu kacal, gurbin atin fayau. Ya buɗe ekstenshin ɗin da ke ƙarƙashin tebur, ramuka uku ne a fuska, amma na ukun ado ne, ba a haɗa shi da komai ba. Filogin monita kuwa tuni aka karya masa dogon haƙorin don ya shiga wani soket. Kwamfutar na shan wuta daga inbatar sola, monita da talabijin daga janareto, kuma yaron yakan zare wayar HDMI daga monita ya soka wa talabijin don ya nuna wa masu biki bidiyonsu, ba tare da ya kashe komai ba, ita kuma talabijin ɗin a haɗe take da wayar dish da ke kan rufi. Aminin nawa ya dube shi ya ce: "Samari, ba monita ce ta kashe maka kati ba, ba kuma waya ba ce. Su hanya kawai suka zama. Wanda ya yi wayarin ɗin shagon nan shi ya bar ƙofa a buɗe." Masu iya magana sun yi gaskiya da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da muka nemo wanda ya yi wayarin ɗin, bai yi musu ba. Cewa ya yi mai ginin ne ya nemi a rage kuɗi, tunda da waya biyu ma fitila na kamawa, fanka na juyawa. A nan ne nake son jan hankalin mutanen yankin, domin ko wanda ya yi niyyar yin atin yana da wani ƙalubale. Rano da Kibiya, kamar yawancin kudancin Kano, a kan tsohon dutse suke zaune, duk wanda ya ratsa garuruwan ya ga duwatsun da idonsa. Ƙasa mai dutse da tsakuwa ba ta karɓar wuta da sauƙi kamar ƙasar fadama, kuma da rani in ta bushe ƙayau sai abin ya ƙara muni. Saboda haka ɗan guntun rodin da ake kafawa a bayan ɗaki a ce an yi atin, sau da yawa suna kawai ya tara. Gawayi da gishirin da ake zubawa a ramin suna taimakawa na ɗan lokaci, amma gishiri na cin ƙarfe, ruwan sama kuma na wanke shi. Atin na gaskiya yana buƙatar doguwar sandar jan ƙarfe, wani lokaci fiye da ɗaya a haɗe, a wuri mai laima, sannan a auna shi da na'ura, a kuma sake aunawa a tsakiyar rani.

Bayan wannan, sai ita kanta wutar da ke shigowa. Taransfoma tana fitar da layuka uku masu wuta, da na huɗu da ake kira nutural. Tsakanin layi ɗaya da nutural bolt 230 ne, tsakanin layi da layi kuwa 400. Idan ɓarayin jan ƙarfe suka yanke nutural a gindin taransfoma, ko iskar damina ta tsinke shi, sai wuta ta rasa ma'auni, a wani gida ta yi ƙasa kamar kyandir, a wani ta haura har ta doshi 400. Wannan ita ce wadda jama'a ke cewa an kawo mai ƙarfi, wadda kan ƙona kayan unguwa guda a dare ɗaya. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Oktoban 2024 Kano da mafi yawan jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala alhali layin Shiroro zuwa Kaduna na kwance saboda ɓarnar da aka yi masa. Irin wannan yanayi shi ke tura kowa ga ƙaramin janareto, shi kuwa ba ya riƙe wuta daidai, da injin fotokwafi ya ja sai ta faɗi, da ya saki sai ta yi tsalle. Ga kuma tsawar damina, wadda ba sai ta faɗa kan gida take ɓarna ba, ko a nesa ta sauka tana iya biyo wayar wuta ko ta dish. Mutane da yawa sun sakankance da sitabilaiza, alhali ita wutar da ke hawa da sauka a hankali take gyarawa. Tsallen da tsawa ke haddasawa kuwa kafin ta motsa an gama. Na'urar da aka yi domin tare irin wannan tsalle kuma, ta atin take zubar da abin da ta tare, in babu shi rabin aikinta ya tafi.

Sanin kowa ne cewa mafi yawan kwamfutocin da ke hannun ƙananan masu sana'a kayan hannu ne da suka gama aiki a Turai da Amurka. Tun a 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka mai suna Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka a Legas duk wata, kuma masu sana'ar a can suka shaida mata cewa har kashi 75 cikin 100 na iya zama tarkace. Wani binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa a shekara, dubban tan daga ciki ba sa aiki. Ba ina cewa duk kayan hannu banza ba ne, domin da ba don su ba da matasanmu da yawa ba su taɓa mallakar kwamfuta ba. Abin da nake cewa shi ne, monitar da ta shekara goma a ofis mai sanyi da tsayayyar wuta, in aka kawo ta ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, ta fi kowacce buƙatar kariya. Haka nan wayar jabu ta cika kasuwa, a rubuta kauri kaza a jikin roba a ba ka abin da bai kai ba, ko a shafa wa alminiyam jan ƙarfe a sayar maka a matsayin jan ƙarfe, alhali alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka. Araha dai ba ta ado.

Da a shagon ɗan ƙanwata kaɗai abin ya tsaya, da ban ɓata wa mai karatu lokaci ba. A kan hanyarmu ta dawowa mun biya ta ƙasar Kibiya gaida wani tsohon abokin karatu, malamin makaranta, ya kai mu ɗakin kwamfutar makarantarsu. Na'urori ne jere an lulluɓe su da leda, wasu an rubuta musu "ta lalace" da alli. Aminina ya kwance soket ɗaya, labarin dai shi ne na Rano. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayanin da ya yi cewa irin kwamfutocin makarantu da ofisoshi galibi ba su da katin hoto na daban, kafar allon a jikin babban fanel take, wato madabod, don haka in wuta ta biyo waya ba kati za a canza ba, zuciyar kwamfutar ce ta tafi. A daidai wannan lokaci kuma, tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar cewa WAEC da NECO su ma za su koma kwamfuta a 2026, sannan a watan Nuwamban shekarar Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta zuwa 2030, bisa hujjar cewa makarantun karkara ba su shirya ba. Ko a jinkirta ko kada a jinkirta, alƙibla ta riga ta bayyana. Yaron Kibiya ko na Rurum da bai taɓa kama linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ta yaya zai yi gogayya da wanda ya tashi da ita a ɗakin uwarsa? Ba a fafe gora ranar tafiya.

To laifin wane ne? Mun saba duk abin da ya ƙone mu ce 'yan NEPA. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Suna ya canza sau biyu, amma wayarin ɗin cikin gidajenmu yana nan yadda yake, shi kuwa haƙƙin mai gida ne. Kula da taransfoma da layukan unguwa na kamfanin rarraba wuta ne, kuma wanda ke da ƙorafi yana da damar kai shi ofishin koke na kamfanin, in bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa zauren sauraron koke na hukumar NERC. Akwai hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015 domin duba ingancin aikin lantarki da ba masu wayarin shaidar ƙwarewa. Akwai hukumar SON, wadda ta ɓullo da tsarin SONCAP a 2005 domin tantance kaya kafin su shigo ƙasa. Ga kuma Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta ba jihohi damar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Ashe ba doka muka rasa ba, ba kuma hukuma ba. Abin da muka rasa shi ne ƙafar da za ta kai dokar nan Rano da Kibiya, da kuma ɗabi'ar girmama abin da ido ba ya gani. Kwamfuta ana ɗaukar ta a hoto ranar bikin miƙawa, a yanka ƙyalle, a yi tafi. Sandar atin kuwa a cikin rami take, ba mai yi mata tafi, shi ya sa ba mai sa ta a kasafi.

Shawarata ta farko ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi da 'yan majalisar da ke raba kwamfutoci a matsayin aikin mazaɓa ce. Kada a sake biyan ɗan kwangila kuɗin ɗakin kwamfuta sai ya gabatar da takardar awon atin daga ƙwararre mai shaida, tare da na'urar tare tsallen wuta, da birekar nan mai faɗuwa da zarar wuta ta zurare, wadda ke kare rayukan ɗalibai kafin ma a zo kan na'ura. Gara a sayi kwamfuta 18 a kare su da a sayi 20 a binne su. Ta biyu, SON da NEMSA su riƙa leƙa kasuwannin ƙauye, kada aikinsu ya tsaya a tashar ruwa da manyan birane, domin kayan da aka kora daga birni ƙauye suke komawa. Ta uku, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano tana da makarantar fasahar karkara a garin Rano. Me zai hana a shirya wa masu wayarin na Rano da Bunkure da Kibiya gajeren horo a can, a kuma tanadi ma'aunin atin ko da ɗaya ne a kowace ƙaramar hukuma? Ta huɗu, masu unguwanni da dagatai da 'yan sintiri su ɗauki taransfoma a matsayin dukiyar gari, su kuma sa ido kan masu sayen jan ƙarfe ba tare da tambayar inda ya fito ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ga masu shaguna da ofisoshi kuwa, abin ba ya buƙatar dogon karatu. In ka taɓa ƙarfen kwamfuta ka ji tana ja, ka kashe ta ka kira ƙwararre, wannan gargaɗi ne take yi maka. Kada ka karya dogon haƙorin filogi. Kwamfuta da monita su sha wuta daga wuri ɗaya mai atin. Kafin ka soka ko ka zare wayar hoto, ka kashe na'urorin biyu daga soket. In hadari ya haɗo, ka zare filogi da wayar dish da ta intanet gaba ɗaya. Monitar da ke warin ƙuna, ko take ƙara, ko take mutuwa tana tashi da kanta, kada ka gwada ta a kan kati mai tsada. In allo ya yi baƙi kuma, ka fara zargin waya, sannan monita, kati ya zo a ƙarshe.

Shi dai ɗan ƙanwata ya bi shawara. An sake ja masa waya uku, aka kafa sanduna biyu a bayan shago kusa da magudanar ruwa, aka auna, aka jefar da tsohon ekstenshin, aka mayar da komai kan inbata ɗaya. Duk abin da ya kashe bai kai kuɗin kati guda ba. Monitar da aka yi ta tsine wa tana nan tana aiki, katin na uku kuma har yau lafiyarsa ƙalau. Da ya yi haka tun farko, da tumakin mahaifiyarsa ba su tafi a banza ba. Fatana shi ne kada gwamnati ta jira sai ta yi asarar nata tumakin, waɗanda dukiyar talakawa ce, kafin ta gane cewa rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, mu kuma Ya ba mu ikon gyara namu, amin.